Kwamfuta ta daina nemo fayilolin da ke cikinta

Mai tambaya daga Gombe: Assalamu alaikum. Tun ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki a shagona, idan na nemi fayil a Windows 10 sai ta ce babu, alhali ga shi ina gani. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan kana neman fayil, Windows jerin sunayen fayiloli da ta tanada take dubawa, kuma yankewar wuta kan lalata shi. Shiga Control Panel, Indexing Options, Advanced, ka danna Rebuild, ka bar ta a kunne, domin aikin kan ci sa'o'i.

Wata amsa: Kafin nan, duba ko fayilolin a faifan D suke, wato wani sashen ma'ajiyar kwamfutar daban, domin sai an ƙara shi yake shiga jerin.

Mai tambaya: Can suke kuwa, ranka ya daɗe. Na ƙara, tana ta ƙirgawa.