Neman kalma: me za mu kira "prototype" da Hausa?

Jama'a barkanmu da war haka. Yau kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsare ni. Ina da tarin hotunan tsofaffin bindigogi na tarihi da na daɗe ina adanawa a kwamfuta, na zauna zan rubuta wa kowane bayaninsa da Hausa a ƙasa, sai na ci karo da "prototype". Ita bindigar ba ta ba ni wuya ba, domin tun zamanin Turawa muna da libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai gangar harsashi da ke juyawa. Yaran yanzu kowace ƙaramar bindiga fistol suke ce mata, amma libarba tamu ce, kuma ta zauna daram.

Bari in nuna muku abin da ake nufi, don kada mu yi ta jifa a duhu.

A 1830 Samuel Colt, yaro ɗan shekara 16 daga Hartford ta Amurka, ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Corvo zuwa Kalkata ta Indiya. A cikin tafiyar ya sassaƙa sassan bindiga da itace: ganga mai ramuka, da abin da zai juya ta ya kuma kulle ta daidai bakin bututu. Da ya dawo gida sai ya nemi maƙera su mayar masa da ita ƙarfe. Anson Chase a Hartford ya fara, daga baya John Pearson a Baltimore ya ɗora, wajen 1834 zuwa 1836. Ɗaya daga cikin na farkon ma fashewa ta yi da aka harba ta. Wasu kuma an rufe gangarsu da faifan ƙarfe don ta yi kyan gani, ashe murfin nan ne ke tare wuta ta tsallaka zuwa sauran ramukan, albarushin duka ya tashi lokaci guda. Sai aka cire shi. Waɗannan bindigogi, da aka yi su ɗai-ɗai da hannu don a ga ko dabarar za ta yi aiki, su ne abin da muke nema wa suna.

Kalmar da ta fara zo mini ita ce samfur, kuma na san ita yawancinku za ku kawo. Ban yarda da ita ba. Ku je Kantin Kwari ku ce a ba ku samfur, za a yanko muku ƙyalle daga bandir ɗin da an riga an saƙa, an rina, yana jibge a shago. Samfur yana zuwa ne bayan kaya sun kammala, yana wakiltar dubu irinsa. Bindigar da Pearson ya ƙera kuwa ba ta wakiltar komai a lokacin, don babu ta biyu irinta sak, kuma ba a san ma ko za a yi ba.

Sai "ƙirar farko". Wannan ta fi kusa, har na rubuta ta a hotuna biyar kafin in goge. Ga inda ta gaza. Colt ya karɓi takardar mallakar fasaharsa a Ingila a 1835, ta Amurka kuma ranar 25 ga Fabrairu 1836, aka kafa masana'anta a garin Paterson na jihar New Jersey. Libarbar da ta fito daga can, mai cin harsashi biyar, wadda kunamarta ke ɓoye sai an ɗana ta faɗo, ita ce duk mai tara bindigogi zai kira ƙirar farko ta Colt. An yi ta da yawa, an sayar, sojojin ruwan Texas sun riƙe ta, kafin kamfanin ya durƙushe a 1842. To idan wannan ce ƙirar farko, ta Pearson fa? Kalma ɗaya ba za ta ɗauki biyun ba, alhali a wurin masu tarawa tsakaninsu akwai nisa sosai, a daraja da kuma a kuɗi.

Wani dattijo da nake girmamawa, tsohon malamin makaranta, ya ce me zai hana zakaran gwajin dafi. Na ce Allah ya gafarta malam, maganar ta yi daɗi, amma zakaran nan shi ake gwada dafin kibiya a kansa, ba shi ne kibiyar ba. Ga shi kuma yau in an ce wane zakaran gwajin dafi ne, gwarzo ake nufi. Sai dai maganarsa ce ta sa na tsaya a kan "gwaji".

Abin da na zaɓa shi ne ƙirar gwaji. Ƙira ta nuna abu ne da aka yi shi da gaske, ana iya riƙe shi a hannu, ba zane a takarda ba. Gwaji kuma ya faɗi dalilin yin sa. Maƙerin da ke son sauya bakin garma ba ya ƙera ashirin lokaci guda, ɗaya yake yi ya ba manomi ya shiga gona da ita, in ta karye ya san inda zai ƙara ƙarfe. Ku faɗa masa "ƙirar gwaji", ba zai tambaye ku ma'ana ba. Kuma kalmar tana tafiya da mota, da jirgi, da waya: ƙirar gwajin mota, ƙirar gwajin jirgi mara matuƙi. A baki ma tana gajarcewa, a ce ta gwaji ce, ba ta kasuwa ba.

Dalilin da na damu haka, hoto ba ya kare kansa. Bindigogin nan kaɗan ne, yawancinsu suna bayan gilashi. Matar Colt, Elizabeth, ta bar wa gidan adana kayan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke Hartford tarin bindigogin mijinta lokacin da ta rasu a 1905, mu kuwa hoto kawai muke da shi. Ni kaina na yi wannan kuskuren: shekarun baya na sauke hotuna da dama ban rubuta komai a kansu ba, inda na samo su ya ɓace, yanzu akwai guda bakwai da nake kallo ban iya rantsewa ko ta gwaji ce ko ta Paterson. Shi ya sa kowane hoto yanzu nake haɗa shi da sunan maƙeri, da shekara, da inda bindigar take, in ajiye kwafi biyu. Na baya-bayan nan na rubuta masa: "Ƙirar gwajin libarbar Colt, aikin John Pearson, Baltimore."

Saura abu ɗaya, malamai. Sassaƙen itacen da Colt ya yi a cikin jirgi ba ya harbi, saboda haka ban ga ya shiga ƙirar gwaji ba. A yanzu na sa masa "kwatancin itace". Wanda ya tashi a gidan masassaƙa, ko a gidan masu zubin tagulla da ke fara siffanta abu da kakin zuma, don Allah ya faɗa mana yadda suke kiran irin wannan a wurin aiki.