Fatsa mai tuta a kan ƙanƙara: wace iri zan saya, kuma me ya tsinke mini zare?

Ɗan Yauri a Minesota:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni zama a ƙasar sanyin nan.

A Yauri na tashi, bakin kogin Kwara. Maƙwabtanmu Sarkawa ne, tun ina ɗan shekara 9 nake bin su kafa mamari da yamma, da asuba mu koma dubawa. Shekarata 3 a Miniyafolis, jihar Minesota ta Amurka, ban jefa ƙugiya a ruwa ba, sai Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina ya ɗauke ni tafkin Minetonka. Ya huda ƙanƙara da inji, ya gitta wani katako a bakin ramin, abin da suke kira tif-of. Kwarkwaron zaren yana nutse cikin ruwa, a sama kuma akwai 'yar jar tuta a jikin sifirin da aka lanƙwasa aka maƙale. Kifi na jan koto kwarkwaro zai juya, tuta ta miƙe. Ina gani na ce ai wannan mamari ne aka sa wa mai gadi. Nan take abin ya shiga raina.

Bayan la'asar tuta ta tashi. Na ruga, na ɗaga katakon, na fizgi zare da ƙarfi. Na ji nauyi sosai, can sai zare ya saki. Da na jawo babu ƙugiya, bakin zaren kamar an sa masa reza. Har yau abin yana ci mini rai. Ga shi kuma ramin bai ɗaukar lokaci yake sake daskarewa, sai mun yi ta kwashe ƙanƙara da ludayi.

A shago na ga iri biyu: dogo na katako, da mai zagaye kamar faifai na roba. Wanne zan saya? Wane zare zan naɗa? Kuma koton nan a wane zurfi ake barinsa?

Baba na Madison:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba ƙarfin hannunka ne ya tsinke zaren ba, haƙori ne. Kifin da suke kira faik ne ya ɗauki kotonka, dogo mai baki kamar na agwagwa, bakin nan cike da haƙora masu kaifi. In da zaren roba siriri ka ɗaura ƙugiya, yanka ɗaya zai yi masa.

Ga yadda nake haɗa nawa. A kwarkwaro ina naɗa zaren saƙa mai kauri, baƙi, mai ɗaukar laba 30. Kaurin ba don kifi ba ne kaɗai, don hannunka ne: da yatsu za ka jawo shi cikin sanyi, siriri zai yanke ka, kuma in ka zube shi a kan ƙanƙara baƙi ne za ka gani. A ƙarshensa sai ka ƙara guntun da zai riƙe ƙugiya. In faik kake nema, waya ta ƙarfe kamar ƙafa ɗaya. In walai ne, wato kifin nan mai farin ido da 'yan Minesota suke ji da shi, to zaren roba marar launi mai ɗaukar laba 8, tsawon ƙafa 3, domin walai yana da tsoro, in ya hangi waya sai ya kauce. Ka yanke shawara tun daga gida wanne ka fito nema.

Zurfi kuwa, akwai 'yar dalma mai maƙali da ake sayarwa. Ka maƙala ta a ƙugiya ka saki har ta taɓa ƙasa, ka ɗago kamar ƙafa ɗaya in walai ne, sai ka yi wa zare alama daidai bakin ruwa. Ni maɓallin riga nake zurawa a zaren, ina ja da shi sama da ƙasa. Bayan ka kama kifi, maɓallin zai mayar da kai zurfin da kake ba tare da sabon awo ba. Faik kuma bakin ciyawar ruwa yake laɓewa, kuma abin da ke samansa yake kai wa hari, don haka koto ya tsaya sama da kan ciyawa. Ƙaramin kifi mai rai ake sawa, a soke shi ta baya kusa da ƙayar gadon bayansa, kada a taɓa ƙashin, don ya daɗe yana motsi.

In tuta ta tashi kada ka ruga da gudu, ruwa marar zurfi yana kai ƙarar takalmi har ƙasa. Ka iso a hankali ka dubi ƙarfen da ke saman katakon, wanda ke haɗe da kwarkwaro: in yana juyawa, kifi na tafiya da koto. Ɗaga katakon gefe, bar zare ya bi ta cikin yatsunka, ka tattara har ka ji nauyi, sannan ka yi ja ɗaya gajere. In ya yi gudu sakar masa. Wanda ya yi kokawa da giwan ruwa a Kwara ya san wannan.

Ni na katako nake amfani da shi, Beaver Dam, wanda ya samo sunansa daga wani gari a nan Wiskonsin. Ya fi tsada, amma biyu daga cikin nawa sun haura shekara 10 a hannuna. Abin da kawai yake so shi ne man shafawa mai jure sanyi a cikin bututunsa, in ya fara tauri.

Direban Duluth:

Baba ya gama magana a kan zare, amma a kan katako ina da ja, da girmamawa. Ƙanena, kukan da ka yi na biyu ai daskarewar rami ne, kuma mai zagayen nan don shi aka yi shi. Yana rufe ramin ruf kamar murfin tukunya, cikinsa da abin riƙe ɗumi. Ina da na kamfanin Frabill guda biyu, na yini da su ranar da sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, ban taɓa ludayi ba sai jefi-jefi. Yana kuma tare hasken rana daga shiga ramin, kuma suna shiga bokiti ɗaya a jere. Aibinsa, in dusar ƙanƙara ta yi yawa yakan nutse a ciki, tutar ba ta hanguwa daga nesa. In ka fi son katakon, sai ka yanka tsohuwar tabarmar roba ka rufe ramin da ita.

Ka lura da iska. Ka ajiye shi ta yadda iska za ta riƙa tura tuta cikin maƙalinta, in ba haka ba za ka yini kana tashi a banza. Maƙalin ma gefe biyu gare shi, mai santsi don ƙaramin koto, mai tsaga don babba wanda zai iya tayar da tuta da kansa.

Kada ka bi lissafin Baba wajen yawa. Su a Wiskonsin fatsa uku aka yarda wa mutum ɗaya, mu a Minesota biyu ne a kan ƙanƙara, har da sandar da ke hannunka, kuma kada ka yi nisa da tif-of ɗinka fiye da ƙafa 200. Sayi lasisin DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, ka karanta littafinsu, domin tun 2018 an raba jihar shiyya uku kan girman faik da yawan da za ka tafi da shi gida. Lokacin faik da walai a tafkunan cikin jiha yana rufewa Lahadin ƙarshe ta Fabrairu.

'Yar Damagaram:

Yaya, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gudun da ka ce ka yi. Minetonka tana da mashigai tsakanin sassanta inda ruwa ke gudana a ƙasa, ƙanƙarar wurin ba ta da amana ko da tsakiyar hunturu. DNR ta ce inci 4 na sabuwar ƙanƙara mai garau kafin mutum ya taka da ƙafa, farar mai haɗe da dusa kuwa sai ta ninka haka. Maigidana ba ya fita sai da ƙusoshin nan biyu masu mariƙi rataye a wuya, waɗanda ake cakawa a jawo jiki in ƙanƙara ta burme. Don Allah ka sayi naka kafin tutar, kuma kada ka je kai kaɗai.

Ɗan Yauri a Minesota:

Allah ya saka da alheri. Na sayi ɗaya-ɗaya, na katako da mai zagaye, da ƙusoshin da ƙanwata ta faɗa. Jiya mun koma, na sa waya a duka biyun, na cire maɓalli biyu daga tsohuwar rigata. Tutar mai zagayen ce ta tashi wajen ƙarfe 3. Na taka a hankali, ƙarfen na juyawa, na jira na ji nauyi. Sau biyu ya yi gudu ina sakar masa kafin kansa ya shigo ramin. Faik ne, inci 28. Hannuna na rawa har na kasa cire ƙugiyar, sai abokina ya taya ni.

Baba, wata tambayar: namansa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu baki biyu. Yaya kuke fitar da su kafin a soya? Yara ne za su ci.