An yanke wa ƙanena hukuncin kisa kan rikicin fadama, ta ina za mu fara ɗaukaka ƙara?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin shari'a ku taimaka mini. Shekarun baya an yi faɗa a fadamar garinmu a Jigawa bayan shanu sun shiga gonar shinkafa. Mutum ɗaya ya rasu, wasu sun ji rauni. Makon jiya babbar kotu ta yanke wa ƙanena da wani maƙwabcinmu hukuncin kisa ta hanyar rataya, mutum biyu kuma aka ɗaure su saboda jikkata mutane. Ƙanena ya je wurin da sanda a hannunsa, wannan ba na musu. Amma kowa a gari ya san ba shi ya sari mamacin ba. Inna ta daina cin abinci. Akwai mutum biyu da suka ji tsoron zuwa kotu a da, yanzu sun yarda su faɗi abin da suka gani. Za mu iya kai su?

Baban Walida:
Wa'alaikumus salam, Allah ya kawo mafita. Ku fara da lissafin kwana: doka ta ba ku kwana 90 daga ranar hukunci ku shigar da takardar ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Kano ce ke sauraron na Jigawa. In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid Council, suna karɓar shari'ar kisa kyauta. A gaya wa Inna ba a aiwatar da hukuncin kisa muddin ƙara na gaban kotu.

Lauyan Arewa:
Malam, zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Kotun sama ba sabuwar shari'a take yi ba, kundin abin da aka rubuta a kotun ƙasa take karantawa. Shaidun da suka ɓoye a da, da wuya a yarda su shigo yanzu, sai an nuna ba yadda za a yi a same su a wancan lokacin. "Kowa a gari ya sani" kuwa ba ya cikin kundin.

Ina kyautata zaton sashe na 79 na Penal Code (dokar hukunta laifuka) ne ya kama ƙanenka, aka haɗa da na 221 mai magana kan kisan kai da hukuncinsa kisa ne. Ma'anar sashe na 79, in mutane suka yi aiki da nufi ɗaya, kowannensu yana ɗaukar laifin kamar shi kaɗai ya aikata. To a nan lauya zai tsaya: an tabbatar da nufi ɗayan, ko dai an gan shi ne kawai a cikin taro? Shaidun gwamnati sun yi karo da juna wajen wanda ya riƙe adda? In akwai takardar amsa laifi, da Hausa aka ɗauka, kuma an kira wanda ya fassara ta? Sannan sashe na 222 ya yi maganar faɗan da ya tashi ba shiri cikin zafin rai. In wannan ya tabbata, ana iya mayar da laifin ƙarƙashin sashe na 224, a koma ɗauri maimakon rataya.

Uwar Gida:
Ku bi a hankali da hujjar kare kai. Sunday Jackson, wani manomi a Adamawa da ya kashe makiyayi, da ita ya dogara, amma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, mai shari'a Helen Ogunwumiju kaɗai ta saɓa. Kuma ɗan'uwa, kun taɓa zuwa gaisuwa gidan mamacin? Su ma uwa gare su. In aka kai ga neman afuwar gwamna, yafiyarsu tana da nauyi.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai. Kawunmu ya je da mai unguwa tun a lokacin, amma ba su saurare mu ba. Barista, kuɗin haɗa kundin nan mu za mu biya? Kuma ƙanena da maƙwabcin takarda ɗaya za su shigar ko kowa tasa?