Dalbejiyar harabar makaranta: a sare ta ko a rage mata rassa?

Shugaban wata makarantar firamare: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara a kan manyan itatuwan dalbejiya da ke harabar makarantarmu, waɗanda rassansu suka yi nauyi har suka kwanta a kan kwanon azuzuwa. Kwamitin iyaye yana ganin a sare su daga tushe kafin iskar farkon damina, ni kuwa ina jin ciwon raba yara da inuwar da suke fakewa a cikinta da bazara. Akwai kuma wata bishiya a bakin ƙofa da ake gardama a kanta, wasu na cewa dalbejiya ce, wasu na cewa maɗaci ne.

Tsohon malamin daji: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Gardamar bakin ƙofa mai sauƙi ce: a tsinko ganye a duba gefensa. Na dalbejiya yana da haƙora kamar zarto kuma ya ɗan lanƙwashe, na maɗaci kuwa gefensa sumul yake. 'Ya'yan dalbejiya ƙanana ne masu zama rawaya idan sun nuna, alhali na maɗaci ƙoƙo ne mai tauri da ke tsagewa gida huɗu. Batun sarewa kuma, ban goyi baya ba, sai dai idan gindin ya yi kogo, ko ya tsage, ko ƙasa ta fara ɗagawa a gefen saiwa. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, rage rassa ya wadatar, kuma lokacinsa shi ne rani, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Mai gyaran harabar gidaje: Baba, Allah ya ƙara girma. Mu abin da muka saba shi ne a gundule kan gaba ɗaya a bar kututture, tunda dalbejiya ba ta jin sara, kafin shekara ta zagayo ta sake tofo.

Tsohon malamin daji: Tana tofowa, ɗana, amma ka lura da inda tofon yake fitowa. Daga bakin sara yake ɓullowa, a manne da ɓawo, ba shi da gindi a cikin itacen, shi ya sa bayan 'yan shekaru irin waɗannan rassa ne iska ke fara ɓallewa. A gona, inda ake neman itacen girki ana sake sarewa a kai a kai, wannan ba laifi ba ne. A kan ajin da yara ke zaune kuwa ganganci ne. Reshe mai nauyi sau uku ake yankansa. Za ka fara da ɗan yanka daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga jikin bishiyar, sannan ka matsa gaba kaɗan ka yanke daga sama har reshen ya faɗi, ta yadda ba zai yage ɓawo ya gangaro da shi ba. Na ukun shi ne cire guntun da ya rage, daidai bayan kumburin nan da ke wuyan reshe, domin daga wannan kumburi ne bishiya ke rufe miki. Kada a shafa baƙin mai ko fenti a wurin, iska ta ishe shi. Kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara guda.

Hajiya mai lambu: Malam ya gama magana a kan yanka. Nawa ƙarin shi ne, a ɗaure reshe da igiya a sauke shi a hankali, a yi aikin ranar da babu karatu, kuma duk reshen da ya kusanci wayar lantarki a bar wa ma'aikatan wuta. A duba ko akwai kauci a sama, domin ba ya mutuwa da tsinke ganyensa, sai an yanke reshen da ya kama daga can bayansa. Idan kuwa ta bakin ƙofar maɗaci ce, to a sa wa masu ɗibar sassaƙe ido, saboda duk bishiyar da aka saɓule wa ɓawo zagaye, ta mutu a tsaye ko da ganyenta na nan shar.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi: Ranka ya daɗe, idan dole ta sa an sare ɗaya, kada a ƙone kututturen. A nan manoma sun farfaɗo da gonaki tun shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani: ana zaɓar tofo biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a cire sauran, a riƙa rage musu rassan ƙasa. Tofon da ke kan tsohuwar saiwa ya fi sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba.

Shugaban makarantar: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Muna kuma son ƙara dashe a bayan sabon gini, har an kawo shawarar ceɗiya saboda duhun inuwarta.

Hajiya mai lambu: Ceɗiya da durumi na dandali ne, ranka ya daɗe, saiwarsu tana bin danshi har ta fasa masai da harsashin gini. A sa tsamiya ko maɗaci, a nisanta su da bango aƙalla mita goma. A haƙa rami tun kafin ruwa ya sauka, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki gara yake kira, sannan a dasa a watan Yuli idan damina ta kankama. A yanke ledar a cire ta, kada a binne wuyan dashen, a kewaye shi da bulo ko ƙaya saboda awaki. Ranin farko shi ne mai wuya, don haka a raba wa kowane aji bishiyarsa, a ɗora masa alhakin ba ta ruwa sau biyu a mako har damina ta dawo.