Kayan kwamfutar da suka dace da wasan tuƙin jirgin sama

A tattaunawar masu buga wasannin Microsoft Flight Simulator da X-Plane 12 kan haɗa kwamfuta, bakin kowa ya zo ɗaya a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kowanne daga cikin wasannin yana jibga mafi nauyin lissafinsa a kan ƙwaya (core) ɗaya ta firosesar, don haka yawan ƙwayoyi ba ya fid da kai. Abin da ke taimakawa shi ne faɗin ma'ajiyar wucin gadi da ke jikin firosesar. Shi ya sa aka yi ta nuna Ryzen 7 7800X3D da 9800X3D na AMD, masu megabait 96 na irin wannan ma'ajiya da ake kira L3. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a katin hoto ya bar tsohuwar firosesa, zai ga hoto na sarƙewa da zarar ya doshi filin jirgin saman Heathrow na Landan da jirgin A320.

A kan katin hoto kuwa an ja. Wasu sun ce mai ma'ajiyar gigabait 8 ya wadatar a allon 1080p, amma masu allon 4K da masu tabarau na VR (mai sa mutum ya ji kamar yana cikin wasan) ba su yarda da ƙasa da 16 ba. A ganina su ne da gaskiya, tunda kati ba abin sauyawa ba ne duk shekara.

RAM (ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) gigabait 32, sai SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), waɗannan babu gardama. Abin da ake mantawa shi ne intanet: fitowar Microsoft Flight Simulator ta 2024 tana janyo taswirar duniya ne kai tsaye, kuma Microsoft ta ba da shawarar megabit 50 a daƙiƙa.