Me za mu kira distofiya da Hausa?

Jama'a, ga inda maganar nan ta tsaya a wajena, bayan kwana uku muna ja-in-ja a kanta.

Ƙanwata ce ta taso da ita. Tana rubuta wani ƙagaggen labari na wata ƙasa da aka mayar da cinikin bayi halal a dokance, launin fatarka na rubuce a katin shaidarka, shi ke nuna ko kai ɗa ne ko bawa. Ranar Asabar da daddare muna zaune a gida nan Anguwan Rogo, sanyin Jos ya sa kowa ya rungume kofin shayi, ta ajiye biro ta ce, "Yaya, Turawa distofiya suke kiran irin wannan labari. Ni me zan rubuta a bangon littafin?" Na rasa amsa, shi ya sa na kawo muku.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta mugun wuri. Kishiyar yutofiya ce, sunan da marubucin Ingila Thomas More ya raɗa wa tsibirin da ya ƙaga a 1516, inda komai ke tafiya daidai. A 1868 ɗan majalisa John Stuart Mill ya yi amfani da kalmar distofiya a majalisar Ingila yana sukar yadda gwamnati ke tafiyar da Ayalan.

Wani ya ce "mummunar duniya". Ta yi faɗi da yawa, ko wanda aka yi wa sata a kasuwar Taminus zai iya faɗin haka. "Duniyar ƙunci" ma haka.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce "baƙar gobe", kuma wallahi tana da daɗi a baki. Malamin da ya kawo ta, Allah ya ƙara masa basira, hujjarsa ita ce yawancin irin waɗannan littattafai gargaɗi suke yi kan abin da ke tafe. Malam, da girmamawa, a nan muka rabu. Baƙar fatar Amurka ba jiran wannan gobe yake yi ba, kakanninsa sun kwana a cikinta sun tashi. A 1850 aka yi dokar kamo bayin da suka gudu: jami'in da ke sauraron ƙarar dala 10 ake biyansa in ya mayar da mutum ga ubangidansa, dala 5 in ya sake shi. Wane marubuci ne zai ƙago abin da ya fi wannan muni? Sai 1865 aka haramta bautar a tsarin mulkinsu, wariyar launin fata kuma ta ci gaba a dokance kusan shekara ɗari bayan haka.

Mu ma kada mu yi kamar labarin na wasu ne. Harshenmu na da rinji, ƙauyen da bayi ke noma wa ubangidansu, da murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa, da bacucane, wanda aka haifa cikin bauta. Sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield kuwa, duk mai wucewa yana ganinsu. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso talakawa daga larduna aka zuba su haƙar kuza dole, cikin sanyin da ba su saba ba, da yawa ba su koma gida ba. Diban gwamna ake kiransa. Kalmar da ta jingina komai ga gobe ta share duk wannan. Ban da haka, yaya za mu ɗauki labarin da ke yaƙar wariyar launi mu laƙaba masa "baƙa" da nufin muguwa?

Abin da ya bambanta distofiya da yaƙi ko yunwa shi ne tsari. Zalunci ne mai ofis da hatimi da alƙali, kowa ya san matsayinsa, mai neman 'yanci shi ne mai laifi.

Shi ya sa na tsaya kan "daular ƙangi". Ƙangi mun san shi, ba a faɗin ƙangin bauta a tsaya yin bayani. Daula kuma fuska biyu gare ta. Daula ita ce ƙasa da mulkinta, kuma in an ce wane yana cikin daula, ana nufin jin daɗi ya ishe shi. Haka waɗannan ƙasashe suke: mai gonar auduga yana cikin daula, da ƙafar wani a mari aka samar masa ita.

Wata 'yar'uwa ta ce kalmar ba za ta ɗauki labaran da na'urori ke mulkin mutane ba. Yaya, ina ganin za ta ɗauka, matuƙar akwai mai ɗaurewa da wanda aka ɗaure. Tana kuma shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: labarin daular ƙangi, adabin daular ƙangi, fim ɗin daular ƙangi.

Na karanta wa mahaifiyarmu sunayen duka, ita da ba ta taɓa jin distofiya ba. Da na zo kan wannan sai ta ce, "Irin ta Fir'auna ke nan." Ƙanwata ta rubuta shi a bangon.