Philip Glass ba mawaƙi ba ne: wace kalma za mu ba sana'arsa?

Mai Fassara:
Malamai, ana buƙatar taƙaitaccen tarihin Philip Glass da Hausa, Ba'amurken nan da aka haifa a Baltimore a 1937. Turawa na ce masa composer kuma pianist. Mawaƙi bai dace ba, tunda ba rerawa yake yi ba. Mai tsara kiɗa fa?

Malamin Kiɗa:
Malam, mai tsara kiɗa zai kai hankalin mai karatu situdiyo, wurin wanda ke haɗa wa mawaƙi sauti. Aikin Glass daban ne. Yana zama da takarda mai layuka biyar-biyar, ya sa alamar kowane sauti, da tsawonsa, da ƙarfinsa, da kayan kiɗan da zai fitar da shi. Makaɗan da ba su taɓa ganinsa ba sai su karanta su kaɗa. Muna da waƙar baka da rubutacciyar waƙa, to wannan rubutaccen kiɗa ne, mai yinsa kuma marubucin kiɗa. Sunan rubutaccen kiɗa ya kuma raba mu da cewa "kiɗan gargajiyar Turai", wanda ba ya hawa kan sabon aikin ɗan Amurka.

Hajiya Edita:
Ina da ja, Malam. Lokacin da Glass ke karatu a Faris wurin malamar kiɗa Nadia Boulanger, tsakanin 1964 da 1966, an ɗauke shi ya mayar da kiɗan Ravi Shankar na Indiya zuwa alamomin Turawa. Ya rubuta, amma kiɗan ba nasa ba ne. A nan ma marubucin kiɗa za mu ce? Maƙirƙirin kiɗa ya fi fayyace mai abu.

Malamin Kiɗa:
Hajiya, in an ce marubucin littafi ba wanda ke tunanin mai kwafa. Abin da ya yi wa Shankar sai a ce ya ɗauki kiɗan a rubuce. Maƙirƙiri kuwa yana da nauyi a baki, kuma mai goge ma ƙirƙira yake yi ba tare da alƙalami ba. Af, aikin nan na Shankar ne ya sauya salon Glass. Daga nan ya koma gina kiɗa da ƙari: gajeren zubi mai sauti biyar, a maimaita, a ƙara ɗaya ya zama shida, sannan bakwai, sai a riƙa ragewa. Mai saurare sama-sama zai rantse abu ɗaya ake ta nanatawa. Makaɗin da ya ɓata ƙidaya sau ɗaya ya rabu da sauran ke nan. Glass ya kafa ƙungiyar makaɗansa a 1968. Ko bayan wasansa mai kusan awa biyar, Einstein on the Beach, ya hau dandalin Metropolitan, babban gidan wasa na New York, a 1976, bashi ya sa ya koma tuƙin tasi a New York.

Mai Gyaran Fiyano:
Ku dakata, kalma ta biyun, wato pianist, ita ma ba ta zauna ba. A wurinmu fiyano shi ne na lantarki. Wanda Glass ke kaɗawa na katako ne: madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230. Ka danna, 'yar guduma mai laushin kai ta bugi tsirkiya. Ka ɗaga yatsa, wani matoshi ya sauko ya kashe ƙarar. Fedar dama, cikin ukun da ke ƙasa, tana ɗage matosan gaba ɗaya. A kiɗan Glass nan ake yin ɓarna, domin wanda ya take ta bai saki ba a wurin sauyin sauti, komai zai cakuɗe. Ga kuma hannun dama na buga uku yayin da hagu ke buga biyu a lokaci guda. In hannu ɗaya ya bi ɗan'uwansa, zubin ya rushe. Glass ya rubuta darussan fiyano 20, kuma goman farko don ya gyara hannunsa ne. Ni dai fiyanon tsirkiya zan ce.

Hajiya Edita:
Na sauko a kan marubucin kiɗa. Fiyanon tsirkiya kuma a ambace shi sau ɗaya a farko, daga nan fiyano kawai ya isa.

Mai Fassara:
Na gode. Jimlar farko ta zama: "Philip Glass marubucin kiɗa ne kuma makaɗin fiyanon tsirkiya, ɗan ƙasar Amurka." Saura kalmar opera, wato wasan kwaikwayo cikin waƙa, gobe in Allah ya kai mu.